Cutar da Ta Koma Kayan Aiki: Yadda Masana ke Rufe Bakin Ƙwayoyin Gadon Auduga

Da manomi a Kwargaba zai shiga gona da safe ya tarar sabon tohon audugarsa ya fito fari fat, babu ko ɗigon kore, hankalinsa ba zai kwanta ba. Ko ya ce taki ne ya gaza, ko ciwo ne ya shigo, ko kuma maƙwabci ya yi feshin maganin ciyawa iska ta kwaso. Amma a ɗakunan binciken auduga na Amurka da Sin da Indiya da Pakistan, wannan farin ganye shi ake zuba ido a gani. Ranar da ya bayyana, masu bincike sun san aikinsu ya kama.

Su ne da hannunsu suka sa wa tsiron ƙwayar cuta, irin wadda ake kira bairos. Sai dai kafin su sa ta, sun ɗora mata wani ɗan guntun saƙo da suka yanko daga jikin audugar kanta. Cikin mako biyu, ɗaya daga cikin dubban ƙwayoyin gadon tsiron sai ta yi shiru, ta daina aiki. Duk abin da ya sauya a jikin tsiron bayan nan, shi ke nuna aikin da wannan ƙwaya take yi tun asali. Masana suna kiran dabarar VIGS a taƙaice, kuma daga 2008 zuwa yau ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi bi wajen tono sirrin auduga.

Auduga a ƙasar Rima

Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ba baƙin auduga ba ne. Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa kuma a nan ya rasu a 1837, noman auduga da kaɗi da saƙa da rini suna cikin sana'o'in da suka riƙe arzikin Daular Sakkwato. Mata su gurje, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa, marina su rina, fatake su kwasa su yi nisa da shi.

Da Turawa suka zo, kamfanin BCGA da aka kafa a Ingila a 1902 ya dasa injinan gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau, aka shigo da irin Amurka mai suna Allen, jirgin ƙasa kuma ya isa Ƙaura Namoda a 1929. A zamanin ɗan Rabah, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, aka buɗe babbar masaƙa ta farko a Kaduna a 1957. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya ita ce gidan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR, wadda ta faro a 1922, kuma ita ke da alhakin inganta irin auduga a Najeriya baki ɗaya. Daga can irin SAMCOT da manoman Arewa suka sani ya fito.

Yau labari ya sha bamban. Yawancin masaƙun Kakuri da na Kano sun rurrufe. A fadamun da madatsar ruwa ta Goronyo da ta Lugu ke shayarwa, shinkafa da albasa da tafarnuwa suka mamaye. Wanda ya tsaya kan auduga kuwa yana fama da tsutsa da farin ƙuda, da tsadar maganin feshi, da gaurayayyen iri, da gajeriyar damina, ga rashin tsaro da ya raba mutane da dama da gonakinsu na nesa. Ba dukkan waɗannan ne ɗakin bincike zai magance ba. Amma batun iri mai jure ciwo da fari da ƙwari, wannan kam aikinsa ne.

Ciwon da aka fara gani a nan gida

Akwai ciwon auduga da ke nannaɗe ganye, jijiyoyinsa su kumbura, tsiro ya tsumbure, ya kasa 'ya'yan kirki. A Najeriya aka fara rubuta labarinsa a duniya, a 1912. A 1930 wani masanin ƙwari mai suna Golding, yana aiki a kudancin ƙasar, ya nuna cewa farin ƙuda ne ke ɗaukar ciwon daga wannan tsiro zuwa wancan. Ciwon ya addabi gonakin Gezira a Sudan. A Pakistan kuwa, inda aka fara ganinsa kusa da birnin Multan a 1967, ya rikiɗe ya zama annoba. An ƙiyasta asarar da ya jawo tsakanin 1992 da 1997 ta kai dala biliyan biyar. Aka samar da iri mai jure shi, sai ga wani sabon nau'in ciwon ya ɓulla a yankin Burewala a 2001 ya ci ƙarfin irin.

Bairos ne ke haddasa shi, kuma danginsa suna nan kusa. Nau'in da aka sa wa sunan Gezira an same shi a jikin kuɓewa a Jamhuriyar Nijar, a wani bincike da aka wallafa a 2009. Kuɓewa da auduga da rama dangi ne, farin ƙuda kuma ba ya neman takardar tsallake iyaka.

To ta yaya abin da ke halaka gona ya koma kayan aikin masana? Amsar tana cikin yadda tsiro ke kare kansa.

Tsiro ma yana da masu tsaro

A 1928, wani masani a jihar Bajiniya ta Amurka mai suna Wingard ya lura da wani abin mamaki a jikin taba. Ganyayen ƙasa sun kamu da ciwon bairos, amma sababbin ganyayen sama sun fito lafiya, kuma ko an sake shafa musu ciwon ba ya kama su. An ɗauki shekara saba'in kafin a gane dalili.

A 1990, wasu masana a Kalifoniya, ciki har da Richard Jorgensen da Carolyn Napoli, suka so su ƙara wa furen petuniya duhun launi, sai suka ƙara masa ƙwayar gadon da ke samar da launin. Maimakon ya ƙara duhu, furanni da yawa suka fito farare ko dabbare-dabbare: sabuwar ƙwayar da tsohuwar duk sun yi shiru. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka gano abin da ke tayar da irin wannan shiru a jikin wata 'yar tsutsa, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2006. A 1999 kuma Andrew Hamilton da David Baulcombe, a birnin Norwich na Ingila, suka gano 'yan gutsattsarin da ke jagorantar aikin a cikin tsirrai.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙwayar halittar tsiro akwai DNA, inda aka ajiye umarnin yadda tsiron zai kasance, a rubuce da haruffa huɗu kacal da ke maimaituwa. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu. Ba ta aiki kai tsaye. Sai an kwafi saƙonta a jikin wani sinadari mai suna RNA, saƙon ya tafi inda ake ƙera furotin, furotin ɗin kuma shi ke yin aikin: ya kawo koren ganye, ko ya tsawaita zare, ko ya yaƙi ciwo. In saƙon bai isa ba, aikin ya tsaya, ko da ƙwayar gadon tana nan lafiya lau.

Idan bairos ya shiga yana hayayyafa, yakan samar da RNA mai igiya biyu a manne, abin da tsiro ke ɗauka alamar baƙo ya shigo. Nan take wani furotin mai suna Dicer ya daddatsa shi gutsi-gutsi, kowane guntu tsawon harafi 21 zuwa 24. Wani furotin kuma, Argonaute, ya riƙe guntun yana zagayawa da shi. Duk saƙon da rubutunsa ya yi daidai da guntun, sai ya sare shi. Gutsattsarin nan suna bin jijiyoyin tsiro har su kai gargaɗi ga sabon toho. Sirrin ganyayen Wingard ke nan.

Inda masana suka samu ƙofa shi ne, masu tsaron nan ba sa tambayar asalin saƙo. In aka ɗora wa bairos guntun ƙwayar gadon auduga, tsiron zai daddatsa bairos ɗin har da guntun, sannan ya juya ya riƙa sare nasa saƙon, yana zaton na abokin gaba ne. Bairos kuwa ya san kowane lungu na jikin tsiro, shi zai kai guntun ko'ina. Da ɗan gari akan ci gari.

Wanda ya taɓa noman rani a Wurno zai gane hikimar nan da sauri. In aka kai mutum filin da ƙofofin ruwa suka yi yawa, bai san wacce ke shayar da wane fangali ba, ba sai ya fasa magudana ba. Ya rufe ƙofa ɗaya, ya jira ya ga inda ya bushe.

Daga taba zuwa auduga

An fara gwada dabarar a 1995 a jikin wani ɗan'uwan taba da ya fito daga Ostireliya. A 2001 da 2002, masana a Norwich da Jami'ar Yale suka gyara wani bairos na taba mai suna TRV, wanda ba ya jigata tsiro sosai, yana kuma kaiwa har kan toho. Auduga ta shigo layi a 2008, lokacin da masana a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa suka yi amfani da wani bairos na auduga da farin ƙuda ke yaɗawa, bayan sun cire masa ƙwayar gadon da ke yi masa ɓawo. A 2011 ayarin Libo Shan da Ping He na Jami'ar Texas A&M suka nuna cewa TRV ma yana aiki a auduga, kuma hanyarsu ce ta fi yaɗuwa.

Aikin da kansa ba shi da wani kwarjini a ido. Ana shuka gurya a ƙananan kofuna. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, ganyayen farko guda biyu masu kauri sun buɗe. A gefe guda an riga an raini wata bakteriyar ƙasa mai suna Agrobacterium, wadda ke da baiwar cusa DNA cikin tsiro, an kuma ɗora mata rubutun bairos ɗin da guntun ƙwayar gadon, mai tsawon harafi ɗari biyu zuwa huɗu. Mai bincike ya kifa ganyen, ya ɗan sosa bayansa da tsinin allura, ya manna bakin sirinji marar allura a wurin, ya tokare ɗaya gefen da yatsa, ya matsa a hankali. Ana ganin ruwan yana ratsa ganyen, yana yin duhu har ya game shi. Sai a lulluɓe tsiron ya kwana, daga nan a ajiye shi a ɗaki mai sanyin wajen digiri 23.

Akan raba tsirran kashi uku. Kashi ɗaya an sa masa guntun ƙwayar gadon da ake tambaya a kanta. Na biyu an sa masa bairos zalla, don a bambance aikin bairos da aikin rufe baki. Na uku an sa masa guntun wata ƙwaya mai suna CLA1, wadda in babu ita ganye ba ya yin kore. Wannan kashi na uku shi ne shaida. Da zarar tohonsa ya fito fari, an san dabarar ta kama a sauran ma.

Me ya sa auduga ta fi buƙata?

Audugar da ake nomawa a Najeriya, wadda ita ce kusan kashi 90 cikin ɗari na audugar duniya, gadon kakanni biyu ta haɗa: ɗaya daga ɓangaren Afirka da Asiya, ɗaya daga nahiyar Amurka. Shi ya sa yawancin ƙwayoyin gadonta suka zo biyu-biyu. Da masanan ƙasar Sin suka wallafa cikakken rubutun gadonta a 2015, an tarar ƙwayoyin sun haura 70,000, alhali na ɗan'adam wajen 20,000 ne. Karanta rubutu daban, sanin aikin kowace ƙwaya daban.

Tsohuwar hanya ita ce a sauya gadon tsiro dindindin, a raini sabon tsiro daga ƙwayar halitta ɗaya a cikin kwalba. Auduga tana da taurin kai a nan. Iri ƙalilan ne ke yarda, irin su Coker 312 na Amurka, kuma aikin yakan ci kusan shekara guda ko fiye. Da VIGS, mako uku zuwa huɗu sun isa, yana aiki a iri daban-daban, guntu ɗaya kuma yakan rufe bakin tagwayen ƙwayoyin a lokaci guda. Ɗalibi ɗaya zai iya tambayar ƙwayoyi da dama a zango ɗaya na karatu.

Abin da aka tono

Ayarin Texas sun fara da ciwon Verticillium, wani fangas da ke shiga ta saiwa ya toshe jijiyoyin ruwa, tsiro ya yanƙwane. Da suka rufe bakin ƙwayoyi biyu, GhNDR1 da GhMKK2, sai auduga mai ɗan juriya ta faɗi warwas a gaban ciwon. An gane ke nan suna cikin masu kare ta.

A 2012 masana a Singafo suka juya kan zare. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta tsiro daga fatar gurya ta miƙe. Da suka rufe bakin wata ƙwayar gado mai suna KATANIN, zaren ya gajarce. Da suka rufe WRINKLED1, zaren ya ƙara tsawo amma man gurya ya ragu. Tsawon zare ba ƙaramin abu ba ne a kasuwa. Burkina Faso ta karɓi audugar Bt mai kashe tsutsa a 2008, amma ta jingine ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce, daraja ta faɗi.

Binciken da ya fi kusa da mai kiwo shi ne na angurya. Duk wanda ya fasa guryar auduga ya ga ɗige-ɗigen baƙi a cikinta. Akwai su a ganye da kara ma. 'Yan jakunkuna ne cike da wata guba mai suna gosifol, wadda tsiron ke kare kansa da ita daga ƙwari. Manyan shanu da tumaki suna iya jure ta gwargwado, shi ya sa ake turke sa ko ragon layya da angurya. Amma kaji da kifi da mutane ba sa jurewa. Tana ɓata launin gwaiduwar ƙwai, a ƙasar Sin kuma an taɓa gano cewa ɗanyen man angurya yana hana maza haihuwa. Ga shi kuwa a kan kowane kilo na zare, tsiron yana ba da fiye da kilo ɗaya da rabi na gurya, wadda kusan kashi 23 cikin ɗari nata furotin ne.

Tun shekarun 1950 aka samu auduga marar ɗige-ɗige daga irin da ƙabilar Hopi ta Arizona ke nomawa, amma ƙwari suka yi mata rubdugu. A 2016 masana a Jami'ar Aikin Gona ta Nanjing suka gano ƙwayar gadon da ke ba da umarnin gina jakunkunan, suka sa mata suna GoPGF. Da VIGS suka tabbatar: da aka rufe bakinta, sababbin ganye suka fito kusan babu ɗigo. A nasa ɓangaren, Keerti Rathore na Texas A&M ya samar da audugar da gubar ta ragu ƙwarai a gurya kaɗai, ganye da kara kuwa suka riƙe tasu. Nasa sauyi ne na dindindin, ba da bairos ba, amma tsarin tsaron tsiro ɗaya ya yi amfani da shi. Hukumomin Amurka sun amince da irin a 2018 da 2019.

Inda dabarar ta tsaya

Shirun da VIGS ke kawowa na ɗan lokaci ne, kuma ba cikakke ba ne. Wani ganye ya kama sosai, wani sama-sama. Yayin da tsiro ke girma yakan fi ƙarfin bairos ɗin, ƙwayar gadon ta dawo bakin aiki, shi ya sa binciken fure da zare ya fi na ganye da saiwa wuya. Galibi kuma shirun ba ya bin gurya zuwa 'ya'ya.

Wannan ne ya bambanta shi da audugar Bt da Najeriya ta amince da ita a watan Yulin 2018, iri biyu da kamfanin Mahyco ya samar tare da IAR. Ita Bt an sa mata ƙwayar gado daga bakteriya, tana kuma bin iri har gona. Tsiron VIGS ba ya zuwa gona ko kasuwa. A ɗakin bincike yake rayuwa, a can ake ƙone shi ko a dafe shi da tururi in an gama. Duk da haka, tun da bairos da bakteriyar da aka sauya ake amfani da su, irin wannan aiki a Najeriya yana ƙarƙashin sa-idon hukumar NBMA da aka kafa a 2015.

Sai batun zafi, wanda ya shafi Sakkwato kai tsaye. Binciken 2008 ɗin nan ya nuna cewa dabarar ta fi kamawa a sanyi: audugar da aka raina a digiri 22 da rana, 18 da dare, ta fi wadda aka raina a 30 da 26 nuna shirun. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, duk cibiyar da za ta yi wannan aiki, ko a Samaru ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai ta tanadi ɗaki mai sanyaya da wutar da ba ta ɗaukewa har tsawon wata guda. Sirinji da kofuna da gurya ba su da tsada; ɗakin da lantarkin su ne jarin.

Daga kofi zuwa gona

Rogo ya riga ya nuna abin da dabarar za ta iya yi wa amfanin gonar Afirka. A 2017 masana a Cibiyar Danforth ta Amurka suka ɗora wa bairos ɗin da ke kawo ciwon kuturtar rogo wani guntu da ke kashe toho. Irin rogon da ba ya jure ciwon, bairos ya yaɗu a jikinsa, tohonsa ya mutu cikin mako biyu zuwa huɗu. Mai juriya kuwa ya tsira. Tantancewar da kan ci watanni ta koma ta makonni.

A auduga, hanyar takan bi ta haka. In VIGS ya nuna cewa wata ƙwayar gado ce ke taimaka wa tsiro jure fari ko ciwon nannaɗe ganye, mai inganta iri zai nemi audugar da ke ɗauke da kyakkyawan nau'in ƙwayar, ya yi mata barbara da irin da manoma suka saba da shi, sannan ya gwada ɗan yankin ganyen 'ya'yan tun suna ƙanana ya ware waɗanda suka gaje ta. Ba lallai sai an shigo da gadon wata halitta ba. Bayan nan sai gwajin gona a wurare daban-daban na tsawon damuna da dama, sai kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya amince ya ba irin suna.

Sabon iri yakan ci shekara goma ko kusa da haka kafin ya fito. Abin da VIGS ke ragewa shi ne shekarun lalube na farko. Gwada irin a ƙasa mai zafi da gajeriyar damina irin ta gabashin Sakkwato, da ninka shi, da kai shi hannun manomin Kwargaba kafin shukar watan Yuni zuwa farkon Yuli, waɗannan suna nan a wuyan masanan Samaru da malaman gona na jiha da kamfanonin iri.